Ɓarnar da ba ta da mai ita: tunani a kan garin taya

A bakin gudron da ya ratsa unguwarmu a Damagaram akwai rumfar wani dattijo mai faci, wanda ya daɗe yana yi mini gyaran babur. Ran nan, ana gab da komawa makaranta, na kai masa babur ɗin domin ya duba tayar baya. Ya shafa ta da tafin hannu kamar mai tayin rago a kasuwa, sannan ya ce: «Mushe, wannan ai ta gama aiki, hanya ta cinye ta.» Da ya kwance ta, na ɗauki tsohuwar a hannun dama, sabuwar a hannun hagu, sai na ji tsohuwar ba ta kai sabuwar nauyi ba ko kusa. Zanen da ke bayanta, wanda farce ke nutsewa cikinsa ranar da na saye ta, ya shafe sumul. Na ce masa: «Baba, to ina sauran ya tafi?» Ya yi dariya ya ce: «Kai kuma da tambaya! Ina ƙasan takalminka yake zuwa? Ƙarewa yake yi.»

Amsar ta ishe shi, ni ma ta ishe ni har na iso gida. Daga baya na tuna cewa a ajin da ke maƙwabtaka da nawa abokin aikina malamin kimiyya yana karantar da yara darasin Lavoisier, cewa abu ba ya ɓacewa, kama kawai yake sakewa. Hausa ta ce hanya ta ci taya. To amma duk wanda ya taɓa kiwon akuya ya san abin da aka ci yana da inda yake fita. Hanya kuwa ba ta da ciki, niƙa take yi kamar dutsen niƙa, ta bar garin a nan inda ta niƙa shi, har iska ko ruwan sama ya zo ya kwashe.

Mu fara da sanin abin da ake niƙawa. Da yawa daga cikinmu muna ɗauka taya danƙon itace ce zalla, alhali danƙon itace bai kai rabin tayar ƙaramar mota ba. Sauran kuwa roba ce da aka ƙera daga ɗanyen mai, da baƙar kunkunniya wadda ke ba tayar launinta da ƙarfinta, da farar wuta, da tutiya, da wayar ƙarfe, da sinadarai masu yawa da kowane kamfani ke ɓoye yadda yake haɗa su. A nan harshenmu ya yi dace: Faransanci ya raba danƙon taya da kayan leda da bokiti, ya ba kowane sunansa, mu kuwa duka «roba» muke ce musu, kuma ga shi bincike ya nuna cewa a wajen taya mu ne muka fi kusa da gaskiya. A shekarar 2004 wani masanin halittun teku na jami'ar Plymouth a Ingila, Richard Thompson, ya yaɗa kalmar da Faransanci ya karɓa da sunan *microplastique*, wato ɓurɓushin roba, wanda daga baya aka yanke cewa shi ne duk guntun da bai kai milimita 5 ba. Da farko hankali ya tafi ga leda da gorar ruwa da ke farfashewa a teku. Sai a 2017 ƙungiyar UICN mai kula da halittu ta fitar da rahoto cewa, daga cikin ɓurɓushin da ke isa teku da ƙanƙantarsa tun asali, kashi 28 cikin 100 daga taya yake fitowa. A shekarar nan kuma wasu masu bincike a ƙasar Holand suka ƙiyasta cewa, in an raba wa kowane ɗan Adam, rabonsa na garin taya a shekara ya kai giram 810, wanda in an tara zai yi kusan tan miliyan 6. In za a loda shi a kamyo mai ɗaukar tan 30, sai an jera kamyo 200 000. Mafi yawansa yana kwanta a gefen hanya, ya gauraya da ƙasa, ruwan sama ya tura shi kwalbati da rafi. Wani kaso kuma, mafi laushi, yana tashi cikin iskar da muke shaƙa.

Ba wannan lissafin ne ya sa na ɗauki alƙalami ba, domin ni malamin harshe ne. Abin da ya dame ni shi ne na nemi gurbin da zan ajiye wannan ɓarna a cikin tunanin da muka gada game da laifi da hakki, na rasa.

Ku duba yadda muke shari'ar ɓarnar gona. Shanu sun shiga gero da dare, da safe aka kai ƙara wurin maigari. Abu uku ake nema: wane ne mai shanun, wane ne mai gonar, dami nawa aka ɓata. In an samu ukun nan, magana ta ƙare, a biya a yi musafaha. Haka ma wanda ya ƙona taya a tsakiyar unguwa, ko mahaucin da ke babbakar kai da ƙafa da wutar taya: ga hayaƙi baƙi ƙirin kowa na gani, ga wanda ya kunna, ga masu tari. Ana iya zuwa a ce masa ya bari. Garin taya kuwa ya kuɓuce wa dukan tambayoyin nan. Mai yin sa kowa ne, wanda ya shafa ba ya iya nuna ranar da abin ya same shi, kuma ba ya da mudun da za a auna rabon kowa a bainar jama'a. Abin da ya fi wannan wuya shi ne ɓarnar ba daga kuskure take zuwa ba. Taya tana kama ƙasa ne domin tana gogayya da ita, tana gogayya kuma dole ta bar wani abu nata. Tayar da ba ta cinyewa sam, tayar da ba ta tsayawa ce in an taka birki. Wato direba mafi natsuwa, mai sabuwar mota da cikakkun takardu, shi ma yana zubar da garin nan tun daga tasha har tasha. Motar lantarki, wadda ake yabo domin ba ta hayaƙi, ba ta tsira ba, nauyin batirinta ma ƙara cin taya yake yi.

Alli ma haka yake, ni shaida ne, shekara ashirin ina shaƙar ƙurarsa. Hauya tana cinyewa, dutsen niƙa yana cinyewa har kakanninmu sun ci garinsa cikin tuwo, takalmin fata yana cinyewa. Ɗan Adam bai taɓa amfani da wani abu ba tare da ya rage shi ba, kuma ba wanda ya taɓa ganin laifi a ciki, domin ƙarfe da dutse da fata daga ƙasa suka fito, kuma ƙasa ta san yadda za ta karɓe su. Tun da Charles Goodyear ya gano dafa danƙo da farar wuta a 1839, muka shiga ƙera abin da aka yi shi musamman domin kada ya ruɓe. Ɗabi'armu ta dā ba ta canza ba, abin da ke hannunmu ne ya canza, kuma tarbiyyar da ta ishe mu a zamanin hauya ba ta ankara ba.

Akwai amsa mai sauƙi da zuciya ke so: tun da rabona ɗan mitsitsi ne, ba ni da alhaki. Ƙungiyar masu motoci ta Jamus, ADAC, ta auna ta samu cewa ƙaramar mota tana zubar da wajen giram 120 a kowane kilomita 1000. Ke nan daga Yamai zuwa Damagaram, tafiyar kusan kilomita 900, ɗan fiye da giram 100 ne, abin da bai cika tafin hannu biyu ba, an barbaza shi daga Dosso zuwa Ƙonni, daga Maraɗi zuwa Tasawa. Daga gidana zuwa makaranta kuwa bai kai gishirin da ake ɗiba da yatsa biyu ba. Wa zai kai ni ƙara a kan wannan? Ƴan ajin ƙarshe na lise da suka yi falsafa za su gane tsohuwar wasa ƙwaƙwalwar Ebulid, Bagirken ƙarni na 4 kafin haihuwar Annabi Isa: ƙwayar hatsi ɗaya ba tsibi ba ce, biyu ma haka, ƙara ɗaya ba ya mai da abin da ba tsibi ba ya zama tsibi, to yaushe tsibi ya samu? Bahaushe bai tsaya gardama ba, cewa ya yi da yayyafi kogi kan cika. In kowane ɗigo ya wanke kansa, za mu wayi gari ga ambaliya ta ci gari, kuma an rasa ruwan da ya yi ta. Hankali ba ya karɓar wannan.

Amsa ta biyu ita ce ta masu wa'azin muhalli: dukanmu masu laifi ne. Na fi jin tsoron wannan amsar a kan ta farko, domin tana da kamar tawali'u alhali rashin adalci ce. Binciken nan na Holand ya nuna rabon mutumin Amurka ya kai kilo 4,7 a shekara, na mutumin Indiya giram 230, wato ninki 20 ke tsakaninsu. Ɗan kabu-kabun da ke neman abin sawa a tukunya, da direban da ya ɗauko mai naƙuda daga ƙauye cikin dare, in aka sa su layi ɗaya da mai motoci uku a garejinsa, da kamfanin da ya zaɓi abin da zai zuba cikin tayar, aka ce duka laifinsu ɗaya, to an yi wa manyan rangwame ne da sunan daidaito. Laifin da aka ce na kowa ne, a ƙarshe ba a samun mai biyan sa.

Abin da ya fitar da ni daga wannan tsaka mai wuya labarin wani kifi ne. A arewa maso yammacin Amurka, wajen birnin Siyatil, akwai kifin da ake kira koho, daga dangin salmon. A rafi ake ƙyanƙyashe shi, ya gangara tekun Pasifik ya girma, sannan ya komo rafin da ya fito domin ya zuba ƙwai. Tun wajen ƙarshen ƙarnin da ya wuce aka lura cewa a rafukan da suka ratsa birni, in an yi ruwan sama, kifayen nan sai su shiga zagaye a saman ruwa suna buɗe baki, cikin ƴan sa'o'i su mutu da ƙwansu a ciki. A wasu rafukan daga kashi 40 har zuwa kashi 90 cikin 100 na masu komowa ke mutuwa haka. Shekara kusan ashirin ana neman dalili. An duba zafin ruwa, an duba cuta, an duba maganin ƙwari, ba a samu ba. Sai a watan Disamba na 2020 ƙungiyar Edward Kolodziej da Zhenyu Tian ta jami'ar Washinton ta buga sakamakonta a mujallar *Science*: daga cikin sinadarai fiye da 2000 da ke cikin ruwan da ya jiƙa garin taya, sun tace har suka kama guda ɗaya. Masu ƙera taya suna zuba wani sinadari mai suna 6PPD domin ya hana tayar tsattsagewa. In garin ya zube a hanya, sinadarin ya gamu da iskar ozon, sai ya rikiɗa ya zama 6PPD-kinon, wanda ɗan kaɗan ɗinsa ya isa ya kashe koho.

A lura da kyau: an zuba sinadarin nan ne domin ceton rai. Duk wanda ya taɓa ganin motar fasinja da tayarta ta fashe tana cikin gudu ya san abin da taya mai tsaga ke jawowa. Injiniyan da ya fara zuba shi bai yi niyyar kashe kifi ba, bai ma san abin da zai rikiɗa ya zama ba. In laifi na bukatar niyya ko sakaci, to kafin Disamban 2020 da wuya a ce ga mai laifi. Amma kifayen sun mutu, kuma ƙabilun ƴan asalin yankin, waɗanda salmon ne abincinsu kuma a kansa al'adunsu suka ginu, sun yi hasara ta gaske. A 2023 uku daga cikin ƙabilun nan suka kai kuka ga hukumar kare muhalli ta Amurka, ta kuma karɓi kokensu a watan Nuwamba na shekarar.

To me za mu kira abin da ke kan mutum in ya jawo hasara ba da laifinsa ba? A nan darasin Faransanci ya taimake ni. Kalmar *usure* tana da ma'ana biyu da ke rikita ɗalibaina kowace shekara: cinyewar abu saboda amfani da shi, da kuma kuɗin ruwa mai tsanani da mai ba da rance ke ɗorawa. Dukansu daga tushen Latin ɗaya suka fito, mai nufin amfani. Na daɗe ina ɗaukar wannan a matsayin tarkon jarrabawa kawai, yanzu kuwa ina ganin akwai magana a ciki. Kowace tafiya rance ce da muke ci daga ƙasa da ruwa, rancen yana haihuwa, kuma takardar biya tana zuwa hannun wanda bai ci ba. Kalmar da ta dace ke nan ita ce bashi. Mu kuwa mun san bashi sarai. In mutum ya rasu, kafin a taɓa gado sai an yi shela cewa duk mai bin mamaci ya zo ya faɗa. Magaji bai ci rancen ba, ba wanda ke zarginsa, amma ba ya cin gadon sai an fitar da hakkin mutane, kuma in ya ji shela ya toshe kunne, daga ranar ya zama azzalumi. Mota da hanya gado ne da muka karɓa hannu biyu, kuma ba na cikin masu cewa a koma kan jaki. Binciken 2020 shi ne mai bin bashin da ya miƙe a wurin zaman makoki ya ce: ina bi. Daga ranar da aka ji shi, rashin sani ya daina zama mafaka.

Amfanin kallon abin a matsayin bashi shi ne bashi yana rabuwa gwargwadon abin da kowa ya ci da abin da yake iyawa. Kaso mafi girma yana kan masu ƙera taya, domin su ke riƙe da sirrin haɗin, kuma gwajin ADAC ya nuna akwai tayoyin da ke zubar da gari ƙasa da wasu nesa ba kusa ba, ba tare da sun rasa kama ƙasa ba. Wato akwai zaɓi, kuma duk inda zaɓi yake akwai hisabi. Tarayyar Turai ta gane haka: dokarta ta Euro 7, wadda aka amince da ita a 2024, ita ce ta farko a can da ta shigar da cinyewar taya da ƙurar birki cikin abin da za a iyakance. Kaso na biyu yana kan hukumar da ke shimfiɗa hanya, domin masu binciken Amurka sun nuna cewa ruwan hanya in an tace shi ta cikin yashi da takin ganye kafin ya shiga rafi, koho ba ya mutuwa. Maganin ke nan ba ya bukatar wata na'ura mai tsada, rami ne da yashi da tsiro a ƙarshen kwalbati.

Na san abin da wani ɗan'uwa malami zai ce, domin an faɗa mini a ɗakin malamai: «Mushe, muna fama da tsadar hatsi da zazzaɓin sauro da aji mai yara 90, kai kana kukan kifin Amurka?» Yana da gaskiya fiye da rabi. Garin taya ba ya cikin manyan damuwarmu na yau, kuma ba zan ɗauki mutuwar koho in ɗora wa tarwaɗar Madarumfa ko karfasar Tabalak ba, domin ko a rafukan Siyatil akwai wani ɗan'uwan koho da ke iyo cikin ruwan nan lafiya lau. Bugu da ƙari, ledar da ke rataye a kan kowace ƙaya, wadda dokar 2014 ta hana, tana nan ido na ganin ta, balle abin da ido ba ya gani. Sai dai akwai abin da ya shafe mu kai tsaye. Sabuwar tayar ƙaramar mota tana da zane mai zurfin wajen milimita 8, dokar Turai kuma ta hana hawa ta in ya gaza milimita 1,6. Da yawa daga cikin tayoyin da aka cire a can, nan suke ƙarasa rayuwarsu, mu suɗe su har waya ta fito, gangar jikin kuma ta zauna mana. Mun kuma ga abin da ya faru da man mota: a 2016 ƙungiyar Public Eye ta ƙasar Suwis ta fallasa yadda ake haɗa gazuwal mai yawan farar wuta, wanda aka haramta a Turai, musamman domin kasuwar Afirka ta Yamma. Ranar da Turai za ta rufe ƙofa ga taya mai yawan zubar da gari, masana'antar da ke yin ta ba rufewa za ta yi ba, wata kasuwa za ta nema. In ba mu da ko sunan abin a bakinmu, da me za mu ƙi shi a kan iyaka?

Kuma laifi tudu ne. Kamyon da aka yi wa lodi har ya fi ƙarfin ƙafafunsa, duk da dokar UEMOA mai lamba 14 ta 2005 da ta iyakance nauyi, yana niƙe tayarsa yana niƙe gudron tare. Tayar da ba ta da isasshiyar iska, da birkin gaggawa, da gudun ganganci, duka suna ƙara garin, kuma su ne dai ke cika asibitocinmu da karayayyu. Wannan kason namu ne, ba wanda zai biya mana shi. Muna alfahari, kuma da hujja, cewa a wurinmu taya ba ta mutuwa: ta zama takalmi, ta zama kwamin shayar da tumaki, ta danne rufin kwano, robar cikinta ta zama guga ko igiyar ɗaure kaya. Amma duk wannan dabara a kan abin da ya saura take aiki. Abin da ya riga ya zube tsakanin Tasawa da Takeita ba mai sana'ar da zai iya tsince shi.

Da ruwan farko ya sauka bana, na ɗauki ƴan ajina na Hausa muka fita bakin hanya, na ce kowa ya samo wa abin suna. Wani ya ce ƙurar taya, wata ta ce dusar hanya, mafi yawa suka tsaya a kan garin taya, shi ya sa na yi amfani da shi a nan, ina kuma miƙa shi ga ƙungiyoyinmu na harshe su duba. Ruwan da ke gangarowa daga gudron baƙi ne a mintocin farko, kafin ya koma jan ƙasa. Ɗaya daga cikin ƴan matan ta tambaya ina kwalbatin yake kaiwa, na ga ban taɓa bin sa ba duk shekarun da na yi ina tsallake shi. Muka bi shi a ƙafa. Ya wuce bayan kasuwa, ya bi ta ƙarƙashin wata ƴar gada, ya faɗa cikin tabkin da masu bulo ke ɗibar ruwa. A ɗaya gefen wani mai lambu yana cika bokitinsa zai ba salati ruwa, yara huɗu kuma suna wanka.